Me ya sa sai an taɓa kundin tsarin mulki kafin a matsar da ranar zaɓe a Ghana?

Wani matashi mazaunin zango a Kumasi ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice: "Malam, tun ina yaro nake jin ana cewa za a dawo da zaɓen Ghana daga 7 ga Disamba zuwa watan Nuwamba, har yau shiru. In dai rana ce kawai, me ya hana hukumar zaɓe ta fito ta sanar? Me ya kawo kundin tsarin mulki a ciki? Kuma anya wannan ba wata dabarar tazarce ba ce?"

Ƙanena, bari in fara da abin da zai ba ka mamaki. Ɗauki kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, ka karanta shi daga bango zuwa bango, ba za ka ga inda aka rubuta "7 ga Disamba" a matsayin ranar zaɓe ba. Ba a rubuta ta ba. Lissafi ne ya haife ta.

Ga yadda abin yake. Wa'adin shugaban ƙasa shekara huɗu ne daga ranar da aka rantsar da shi, kuma tun farkon Jamhuriya ta Huɗu a 1993 ranar 7 ga Janairu ake rantsarwa. Sashe na 63 ya ce a yi zaɓen shugaban ƙasa a cikin wani tsakani: kada ya riga wata huɗu kafin ƙarewar wa'adi, kada kuma ya wuce wata ɗaya kafin ƙarewarsa. In ka ƙirga baya daga 7 ga Janairu, ƙofar tana buɗewa wajen 7 ga Satumba, ta rufe 7 ga Disamba. To, ita kuma majalisar dokoki nata lissafin daban ne. Sashe na 112, sakin layi na 4, ya ce zaɓen 'yan majalisa sai a cikin kwana talatin na ƙarshe kafin wa'adinta ya cika, kuma ita ma farkon Janairu wa'adin nata ke cika. Wato ƙofarta tana buɗewa ne daidai lokacin da ta shugaban ƙasa ke rufewa. In ana son a yi zaɓukan biyu rana ɗaya, wurin da ƙofofin suka haɗu shi ne 7 ga Disamba, babu wani. Shi ya sa tun 1996 ake ta komawa wannan rana ko ta faɗo Asabar, ko Lahadi, ko Juma'a.

Daga nan ka ga amsar rabin tambayarka. Hukumar zaɓe tana da ikon sa zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamba ba tare da ta nemi iznin kowa ba, domin Nuwamba tana cikin tsakanin da sashe na 63 ya bayar. Zaɓen 'yan majalisa ne ba ta isa ta matsar ba. In ta sa shi a Nuwamba, duk wanda ya garzaya Kotun Ƙoli zai rushe shi, kuma da gaskiyarsa.

Za ka ce to a raba su mana, shugaban ƙasa a Nuwamba, majalisa a Disamba. An taɓa yi, kuma ba a ji daɗinsa ba. A 1992 an zaɓi shugaban ƙasa ranar 3 ga Nuwamba, Jerry Rawlings ya ci, 'yan adawa suka ce an yi musu maguɗi, suka ƙaurace wa zaɓen majalisa da aka yi ranar 29 ga Disamba. Jam'iyyar Rawlings, NDC, ta kwashe kujera 189 cikin 200. Ko da babu ƙauracewa, duk wanda ya san halin masu zaɓe ya san cewa da zarar an san wanda ya ci shugabanci, jama'a kan karkata ga jam'iyyarsa a zaɓen da ya biyo baya. Ga kuma kuɗi, domin kafa rumfuna sau biyu, ɗaukar ma'aikata sau biyu, baza jami'an tsaro sau biyu, ba wasa ba ne. Saboda haka hanyar da ta rage ita ce a gyara sashe na 112 ɗin.

Me ya sa ma ake son Nuwamba tun farko? Tuna 2008. An yi zaɓe ranar 7 ga Disamba, babu wanda ya haura rabin ƙuri'u tsakanin Nana Akufo-Addo da John Atta Mills. Kundi ya ce a yi zagaye na biyu cikin kwana 21, aka yi shi ranar 28 ga Disamba. Ratar ta yi ƙanƙanta har sai da aka jira mazaɓar Tain, wadda ba ta samu yin zaɓe ba a ranar, ta kaɗa ƙuri'a ranar 2 ga Janairun 2009. Washegari shugaban hukumar zaɓe, Kwadwo Afari-Gyan, ya bayyana Atta Mills da rinjayen ƙuri'a dubu arba'in da ɗoriya. Ranar 7 ga wata aka rantsar da shi. Kwana huɗu ke nan tsakanin sanin wanda ya ci da miƙa masa ƙasa, kuma daga hannun wata jam'iyya zuwa wata. A cikin kwana huɗu wane minista ne zai zauna ya yi wa magajinsa bayanin basussuka da kwangiloli da abin da ke baitulmali? Wannan ɗaci yana cikin abin da ya sa aka yi dokar miƙa mulki a 2012, amma doka ba ta ƙara wa wata kwanaki.

Sai kuma shari'a. Bayan zaɓen 2012 Akufo-Addo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai 29 ga Agustan 2013, lokacin John Mahama, wanda aka bayyana ya ci zaɓen, ya kusa wata takwas da rantsarwa. Kotu ta tabbatar masa da nasara. Amma ka tsaya ka yi tunanin da ta ce akasin haka: ministocin da ya naɗa, dokokin da ya sa wa hannu, yarjejeniyoyin da ya ƙulla, ina za a sa su? Alƙali ma mutum ne, ya san nauyin tuɓe wanda ya riga ya zauna.

Akwai dalili na uku da ya shafe ku mutanen zango kai tsaye, kuma ba a cika kawo shi ba. Ranar da aka ɗaure da lamba tana yawo cikin mako. Zaɓen 2012 ya faɗo Juma'a. Na 2024 ya faɗo Asabar, har cocin da ke ibada ranar Asabar, wato 'yan Adventist, suka kai koke a rubuce. Na 2008 kuwa ya faɗo Lahadi, kuma a ranar ce alhazai ke tsaye a Arfa, don haka duk ɗan Ghana da ya tafi aikin hajji a shekarar bai ga akwatin zagayen farko ba. Shi ya sa shawarar da aka kawo daga baya ba ta ce "7 ga Nuwamba" ba, cewa ta yi Litinin ɗin farko ta Nuwamba. Wannan ya raba zaɓe da Juma'a da Asabar da Lahadi gaba ɗaya. Azumi da hajji kam babu ranar da za ta kauce musu har abada, tunda watanninmu na Musulunci suna ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Duk wanda ya yi maka alkawarin ranar da ba za ta taɓa karo da Ramadan ba, bai duba kalanda ba.

Yanzu ga yadda ake gyaran. Kundin Ghana ya raba sassansa gida biyu. Akwai waɗanda aka kafe, an jera su a sashe na 290, kuma ba a taɓa su sai da ƙuri'ar raba gardama, wadda aƙalla kashi 40 cikin ɗari na masu rajista za su fito, kuma kashi 75 na waɗanda suka fito su ce sun yarda. Babin da ya yi magana kan shugaban ƙasa gaba ɗayansa yana cikin waɗannan, har da sashe na 63. Sauran sassan kuwa majalisa ce ke gyara su ta hanyar sashe na 291. Sa'ar da aka yi ita ce sashe na 112 ba ya cikin kafaffun, don haka ba a buƙatar raba gardama. Amma hanyar majalisar ma ba gajeriya ba ce. Sai an buga ƙudurin sau biyu a jaridar gwamnati, wato gazet, da tazarar aƙalla wata uku tsakanin bugu na farko da na biyu. Sai a jira kwana goma kafin a shigar da shi zaure. Bayan karatun farko kakakin majalisa ya aika da shi ga Majalisar Magabata ta Ƙasa mai ba shugaban ƙasa shawara, wadda ke da kwana talatin ta ba da shawararta. Sannan a karatu na biyu da na uku sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa sun amince. Lura da kyau, na dukkansu aka ce, ba na waɗanda suka halarci zama ba. Wanda ya kwana a gida tamkar ya ce a'a ne. Ƙuri'ar kuma a asirce ake kaɗa ta, don haka bulaliyar jam'iyya ba ta san wanda ya zame ba.

An gwada wannan hanya a 2016, kuma a nan ne darasin yake. Bayan shari'ar 2013 hukumar zaɓe ta kafa kwamitin gyare-gyare wanda wakilan jam'iyyu suka zauna a ciki, kuma dawo da zaɓe Nuwamba yana cikin abin da aka amince da shi. Manyan jam'iyyun biyu, NDC da NPP, babu wadda ta ce Nuwamba ba ta da kyau. Gwamnati ta kai ƙudurin. Ranar 21 ga Yulin 2016 aka kaɗa ƙuri'a: 125 suka ce e, 95 suka ce a'a. Majalisar tana da kujera 275, abin da ake nema 184. Ƙudurin ya mutu a nan take. Ka lura ko NDC mai rinjaye, wadda ta fito daga zaɓen 2012 da kujera 148, ba ta iya tara adadin kujerunta ba a ranar.

To yaya abin da kowa ya yarda da shi ya faɗi? Dubi kalanda. Daga 21 ga Yuli zuwa 7 ga Nuwamba, wadda ita ce Litinin ɗin farko a shekarar, kwana 109 ne. A daidai lokacin ana tsakiyar rigima kan rajistar masu zaɓe. A watan Mayu Kotun Ƙoli ta umarci hukumar zaɓe, ƙarƙashin Charlotte Osei, ta cire sunayen waɗanda suka yi rajista da katin inshorar lafiya, a ƙarar da wani ɗan siyasa mai suna Abu Ramadan da abokinsa suka shigar, kuma sunaye sama da dubu hamsin da shida abin ya shafa, ana ta faman share su da ba masu su damar sake rajista. 'Yan NPP, waɗanda ke adawa a lokacin, suka ce hukumar ba ta shirya ba, in aka ƙwace mata wata guda za a yi zaɓen gaggawa da rajistar da ba a gama tsaftacewa ba. Masu mulki suka ce ai tsoro ne, 'yan adawa suna neman ƙarin lokacin kamfe. Ni a ganina kowannensu yana da ƙamshin gaskiya, kuma wannan shi ne ainihin ciwon. Da zarar shekarar zaɓe ta shigo, babu ɗan siyasar da ke karanta ƙudurin a matsayin gyara. Kowa lissafi yake: wata ɗayan nan wa zai amfana, wa zai cuta? Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da a 2014 aka kai ƙudurin nan, ko kuma da an rubuta a ciki cewa sai zaɓen 2020 zai fara aiki, ina kyautata zaton da ya wuce ba tare da hayaniya ba. A 2024 ma maganar ta sake tasowa daga hukumar zaɓe ƙarƙashin Jean Mensa, kuma nan ma a shekarar zaɓen ce, aka ƙare da cewa a bari sai gaba.

Ƙungiyar ECOWAS ta hango wannan tun tuni. Yarjejeniyarta kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, wadda aka sa wa hannu a Dakar a Disambar 2001, ta ce kada a yi wa dokokin zaɓe wani babban sauyi a cikin wata shida na ƙarshe kafin zaɓe, sai da yardar mafi yawan masu ruwa da tsaki a siyasa. Togaciyar nan ta ƙarshe tana da muhimmanci, kuma Najeriya ta nuna yadda take aiki. A 2010 an gyara kundin 1999 aka ce a yi zaɓe tsakanin kwana 150 zuwa 120 kafin ƙarewar wa'adi, abin da ya jefa zaɓen 2011 cikin Janairu. Sabon shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, wanda aka naɗa a tsakiyar shekarar, ya fito ya ce lokacin ba zai ishe shi yin sabuwar rajista ba. Aka sake gyara kundin karo na biyu cikin 'yan watanni, aka mai da shi kwana 150 zuwa 30, zaɓe ya koma Afrilu. Kuma hanyar Najeriya ta fi ta Ghana wuya, domin bayan kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun sa hannu. Ya wuce a ƙurarren lokaci saboda abu biyu. Kusan kowa ya yarda rajistar da aka yi zaɓen 2007 da ita ba ta da amana, har marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya ci zaɓen ya amsa cewa akwai kurakurai a cikinsa. Sannan babu wanda ya taɓa 29 ga Mayu, ranar miƙa mulki.

Wannan ya kawo mu ga tsoronka na tazarce, kuma ban ga laifinka ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ma'aunin mai sauƙi ne. Kada ka dubi ranar zaɓe, dubi ranar sauka. Ƙudurin Ghana na 2016 bai ƙara wa kowa ko kwana ɗaya ba, 7 ga Janairu tana nan daram, zaɓen ne aka jawo baya. Hasali ma mai mulki ne zai fuskanci masu zaɓe da wuri. Kwatanta da abin da ya faru a Senegal. Ranar 3 ga Fabrairun 2024, ana saura mako uku zaɓe, shugaba Macky Sall ya soke ranar zaɓen, wato 25 ga Fabrairu. Bayan kwana biyu majalisa ta yi wa kundi gyara ta kai zaɓen 15 ga Disamba, bayan jami'an tsaro sun fitar da 'yan adawa daga zauren, alhali wa'adinsa 2 ga Afrilu zai ƙare. Sunan abin matsar da rana, amma cikinsa ƙarin wata takwas da ɗoriya ne. Kotun tsarin mulkin ƙasar ta rushe shi ranar 15 ga Fabrairu, tana mai dogaro da cewa kundin ya hana a taɓa tsawon wa'adin shugaba. Aka yi zaɓe 24 ga Maris, aka rantsar da Bassirou Diomaye Faye ranar 2 ga Afrilu, daidai ranar da ya kamata. A Nijar ma abin da Tandja Mamadou ya yi da raba gardamar Agustan 2009 ƙarin shekara uku ne, kuma ka san yadda ta ƙare da juyin mulkin soja a Fabrairun 2010. A Ghana kuwa, tunda wa'adin shugaban ƙasa yana cikin kafaffun sassa, majalisa ita kaɗai ba ta da hanyar yin irin wannan ko da dukkanta ta haɗa baki.

Sai dai kada in bar ka da tunanin cewa Nuwamba maganin komai ce. Masu tallata ta sukan ce za a gama shari'ar zaɓe kafin rantsarwa. Mu yi lissafi. Kundi ya ba mai ƙara kwana 21 daga ranar bayyana sakamako. Ƙa'idojin da Kotun Ƙoli ta sabunta a 2016 sun tsara a kammala shari'ar cikin kwana 42. Ɗauki 7 ga Nuwamba, ƙara kwana uku na tattara sakamako, ƙara 21, ƙara 42, sai ka sauka a 12 ga Janairu. An riga an rantsar da kwana biyar, kuma wannan in babu zagaye na biyu ke nan. A aikace ma ƙarar da Mahama ya shigar a ƙarshen Disambar 2020 sai 4 ga Maris 2021 aka yanke ta. Kenya ta bi ta wata hanya: kwana bakwai na shigar da ƙara, kwana goma sha huɗu na yanke hukunci, kuma ba a rantsarwa sai kotu ta gama. Da haka ne Kotun Ƙolinsu ta soke zaɓen 8 ga Agustan 2017 tun ranar 1 ga Satumba. In gama shari'a ake so da gaske, sai an taɓa waɗannan kwanakin tare da ranar zaɓen, kuma kwana 21 ɗin nan yana sashe na 64, wanda ke cikin kafaffen babi. Ka ga an koma raba gardama.

Akwai kuma farashin da ake biya. Gwamnatin da ta sha kaye a farkon Nuwamba za ta zauna wata biyu cur da hatimi a hannu, ta san tafiya za ta yi. Wata ɗayan da ake da shi yanzu ma ya isa a yi naɗe-naɗen bankwana da ɗaukar ma'aikata na minti na ƙarshe. NPP ta yi wannan kuka a ƙarshen 2016, NDC ta yi irinsa a ƙarshen 2024. Amurkawa sun gaji da doguwar jira irin wannan, shi ya sa a 1933 suka gyara kundinsu suka dawo da rantsarwa daga 4 ga Maris zuwa 20 ga Janairu. Duk da haka ina goyon bayan Nuwamba, domin kwana huɗun 2009 sun fi ba ni tsoro, amma da sharaɗin a ƙarfafa dokar miƙa mulki ta yadda za ta ɗaure hannun gwamnati mai barin gado kan manyan naɗe-naɗe da kwangiloli.

Bayan zaɓen 2024 NDC ta samu rinjayen da ya kai bakin kashi biyu bisa uku a majalisar da yanzu ke da kujera 276, inda adadin da ake nema har yanzu 184 ne. Wani zai ce shi ke nan, ta wuce da ƙudurin ita kaɗai. Doka ba ta hana ba. Amma ranar zaɓen da jam'iyya ɗaya ta yanka, ɗayar za ta riƙa kallonta da zargi ko da alheri aka nufa, kuma ranar da rinjaye ya juya za ta nemi yanka tata. Gara a bi ta zauren da hukumar zaɓe ke zama da jam'iyyu a fito da rubutacciyar yarjejeniya kafin a buga komai a gazet.

In ana son zaɓen 2028 ya faɗo a Litinin ɗin farko ta Nuwamba, ranar 6 ga wata ke nan. Cire wata shidan ECOWAS, ka ga ya kamata gyaran ya zama doka kafin farkon Mayun 2028. Cire wata uku na gazet, da kwana goma na jira, da kwana talatin na Majalisar Magabata, ba a ma sa lokacin muhawara da hutun majalisa ba, sai ka ga bugun farko dole ya fita kafin 2027 ta ƙare. In ka ga an shiga Janairun 2028 ba a buga komai ba, ka shirya katinka don 7 ga Disamba, wadda a shekarar za ta faɗo ranar Alhamis.